Akwatin kiɗa mai faifan CD: Tarihinsa, gyaransa da sabunta shi

Akwatin kiɗa, wanda Turawa ke kira jukbos, wata na'ura ce da ake jefa wa tsabar kuɗi, a danna lamba, ita kuma ta zaɓo faifai da kanta ta saka waƙar da aka nema.

Nau'insa mai amfani da faifan CD ya yi tashe a Amurka da Turai daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000, kafin intanet da wayar salula su ture shi.

A ƙasar Hausa ba a san shi sosai ba. Amma an san danginsa na cikin gida, wato manyan rediyoyin Sony da Aiwa da Panasonic da Sharp masu ɗaukar faifai uku ko biyar a lokaci guda, waɗanda aka riƙa saye a kasuwar Sabon Gari ta Kano ana ƙawata ɗakunan amare da su.

Yawancin waɗannan na'urori yanzu sun haura shekara ashirin, wasu talatin. Tambayar da ke gaban masu su ita ce: a gyara, a sabunta, ko a miƙa wa 'yan gwangwan?

Amsar ta wuce batun na'ura kawai, domin akwai waƙoƙi da karatuttuka da fina-finan Hausa da yawa da har yanzu a kan faya-fayai da kaset suke.

Asalin na'urar

A shekarar 1877 ne Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a Amurka. Shekara goma bayan haka Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da faifai.

A ranar 23 ga watan Nuwamban 1889, Louis Glass da William Arnold suka kafa wata na'urar Edison da suka haɗa wa ramin jefa kuɗi a wani gidan shaƙatawa da ke birnin San Francisco. Ita ake ɗauka a matsayin kakar akwatunan kiɗa.

Sunan jukbos bai bazu ba sai wajajen 1940. Ya samo asali ne daga sunan da baƙaƙen fatar kudancin Amurka ke kiran gidajen rawa da shi, kuma masana harshe na danganta kalmar da harshen Gullah, na jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma.

Kamfanoni huɗu ne suka mamaye kasuwar a Amurka: Wurlitzer da Seeburg da Rock-Ola da kuma AMI, wanda daga baya ya koma hannun Rowe.

A 1946 Wurlitzer ya fitar da samfurin 1015 mai ɗaukar faifai 24, wanda aka sayar da fiye da dubu hamsin nasa. A 1948 Seeburg ya fito da mai zaɓin waƙa 100, sannan a 1955 ya kai shi 200.

Zuwan faifan CD

Kamfanonin Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan ne suka haɗa gwiwa wajen samar da faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982.

A 1986 Seeburg ya fitar da akwatin kiɗa mai ɗaukar faifan CD 60. Ba a jima ba Rowe na Amurka da NSM na Jamus suka biyo baya da masu ɗaukar faifai 100.

Sauyin da aka samu babba ne. Akwatin da a da bai wuce waƙa 200 ba, sai ga shi yana ɗauke da fiye da dubu ɗaya.

Sai dai zamanin nasa bai yi tsawo ba. A 1998 kamfanin TouchTunes ya fara kafa akwatunan da ba su da faifai ko ɗaya, waɗanda ke adana waƙoƙi a cikin kwamfuta.

Reshen Wurlitzer na Jamus, wanda ya ci gaba da ƙera akwatuna bayan na Amurka ya daina a 1974, shi ma ya dakatar da aikin a 2013. Ƙalilan ne suka rage a sana'ar, cikinsu har da Rock-Ola da kuma Sound Leisure na birnin Leeds a Ingila, kuma akasarin masu sayensu masu sha'awar kayan tarihi ne.

Yadda abin ya kasance a Kano

Unguwar Sabon Gari ta kafu ne jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudancin Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma.

Ita da Fagge, tsohon zangon fatake da ke bayan ganuwa, su ne suka zama ƙofar da baƙin abubuwa ke shigowa birnin: sinima da garmaho da rediyo, daga baya kuma rakoda da bidiyo.

A yau Sabon Gari da Fagge da Kwaciri da Rijiyar Lemo duk suna cikin ƙaramar hukumar Fagge ne.

A zamanin garmaho kamfanoni irin su EMI sun buga faya-fayen mawaƙan Hausa, ciki har da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999.

Amma kaset, wanda Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya shiga kowane gida, saboda arha da kuma sauƙin kwafa. Ta cikinsa ne waƙoƙin Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da waƙoƙin Indiya suka kai har ƙauyuka. Ta cikinsa ne kuma aka riƙa yaɗa tafsirin malamai irin su Sheikh Abubakar Gumi da Sheikh Nasiru Kabara.

Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar dillancin fina-finan Hausa a kaset na bidiyo.

Faifai ya karɓi ragama ne a shekarun 2000, lokacin da na'urorin VCD da DVD masu araha 'yan ƙasar Sin suka cika kasuwa. Wa'azozin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, suna daga cikin abubuwan da suka bazu a kaset da faifai a wancan lokaci.

Wayar salula ta GSM, wadda ta shigo Najeriya a 2001, ita ce a hankali ta kawo ƙarshen wannan kasuwa. Da wayoyi suka fara ɗaukar memori, sai masu tura waƙoƙi da fina-finai suka maye gurbin masu sayar da faifai, hada-hadar kuma ta karkata zuwa kasuwannin waya irin na Farm Centre da titin Beirut.

Masu gyaran rediyo da yawa sun bi kasuwar, sun koma gyaran waya da talabijin da kayan sola. Shi ya sa samun wanda ya san cikin na'urar faifai da kyau yake ƙara wuya.

Yadda yake aiki

Akwatin kiɗa mai faifan CD ya ƙunshi sassa biyar: wurin karɓar kuɗi, da ƙaramar kwamfutar da ke ba da umarni, da ma'ajiyar faya-fayai tare da hannun da ke ɗauko su, da injin karanta faifai, sai kuma amfilifaya da lasifikoki.

Idan mutum ya jefa kuɗi ya danna lambar faifai da ta waƙa, kwamfutar za ta saka buƙatarsa a layi. Daga nan ma'ajiyar za ta juya, wani ɗan ido mai aiki da haske yana ƙirga gurabe, har a iso kan faifan da ake nema.

Hannun zai ɗauko faifan ya ɗora shi kan injin karatu. Idan waƙar ta ƙare sai ya mayar da shi gurbinsa.

Rediyon gida mai faifai uku ko biyar ma haka yake aiki, illa dai ba shi da wurin kuɗi, kuma faranti ne ke juyawa maimakon hannu.

Shi faifan, faɗinsa santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2, kuma yana ɗaukar minti 74 zuwa 80 na sauti.

An rubuta sautin ne da wasu 'yan ramuka da ido ba ya gani, a jere a kan layi guda da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki. Da za a warware layin, tsawonsa ya haura kilomita biyar.

Babu allurar da ke taɓa faifan kamar a garmaho. Wani siririn haske ne na leza ke bin layin, madubin faifan yana mayar da shi, na'urar kuma tana juya abin da ya dawo zuwa sauti. Faifan na juyawa kimanin sau 500 a minti idan ana karanta tsakiyarsa, ya ragu zuwa kimanin 200 a bakinsa.

Abubuwan da suka fi lalacewa

Na farko shi ne idon da ke karanta faifai. Ƙura na rufe gilashinsa, musamman a lokacin hunturu, shi kuma hasken lezar ƙarfinsa na raguwa da yawan aiki. Alamarsa ita ce tsallaken waƙa, ko daɗewa kafin a fara, ko na'urar ta nuna babu faifai alhali yana ciki.

Na biyu shi ne bel na roba, wanda zafi ke sa shi ya saki ko ya narke, da kuma giris da ke bushewa ya daskare. Su ne ke sa faranti ya ƙi fitowa ko hannu ya tsaya a tsakiyar hanya.

Na uku su ne kafasitoci, waɗanda ruwan cikinsu ke bushewa bayan shekaru. Lasifika ta riƙa gurnani, ko na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta, sau da yawa daga nan ne. Wasu sukan kumbura a gane su da ido, wasu kuwa sai an auna.

Na huɗu, wanda ya fi ɓarna a manyan akwatuna, shi ne ɗan batirin da ke kan fanel ɗin kwamfuta domin riƙe saiti. Idan ya tsufa yakan yi yoyo, ruwansa ya cinye hanyoyin tagullar da ke kan fanel ɗin.

Sai kuma ɓarnar ɓera da kyankyaso da tsatsa, ga na'urar da aka daɗe da jinginewa a ɗakin ajiya.

Matsalar wuta

Najeriya na amfani da wuta mai ƙarfin bolt 230, wadda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka kuwa bolt 120 ce, mai kaɗawa sau 60.

Don haka na'urar da aka ƙera domin wutar Amurka kaɗai, idan aka jona ta kai tsaye, tana iya ƙonewa nan take. Dole ne a duba rubutun da ke bayanta, a samo taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce abin da na'urar ke ja.

Bambancin kaɗawar ba ya sauya saurin waƙa a faifan CD, domin na'urar ce ke daidaita gudunta da kanta. Amma yana sa taransifomar ciki ta fi yin zafi. Kayan da aka ƙera domin Ingila ko Jamus ba su da wannan matsala, saboda wutarsu iri ɗaya ce da ta Najeriya.

Hawa da saukar wuta, da kuma ƙananan janareto marasa daidaito, su ma suna kashe fanel. Sitabilaiza mai kyau ta fi sayen sabon fanel arha.

Matakan gyara

Ƙa'idar farko ita ce kada a jona tsohuwar na'urar da ta daɗe a ajiye kafin a buɗe ta. Ana fara duba wayoyi da fis da batir da kafasitoci, a share ƙura da busasshen buroshi.

Daga nan sai a auna wutar da ke fita daga sashen rarraba wuta da mita. Idan ba ta daidaita ba, duk wani gwajin da za a yi a gaba ɓata lokaci ne.

Bayan haka sai sassan da ke motsi. Ana wanke tsohon giris a sa sabo kaɗan, a canza bel, a goge idanun da ke ƙirga gurabe. Man inji ko man gyaɗa ba su dace ba, domin suna tara ƙura, wasu kuma suna lalata roba.

Gilashin idon faifai ana goge shi ne a hankali da auduga da aka ɗan jiƙa da sinadarin isofurofil, ba tare da dannawa ba, saboda a kan wasu siraran wayoyi yake rataye.

Akwai wani ɗan maɓalli a jikin idon da wasu masu gyara kan murɗa su ƙara wa lezar wuta. Na'urar takan tashi ta yi aiki a gaban mai ita, amma hakan na gaggauta mutuwar idon. Yana da kyau mai kaya ya tambayi abin da aka yi wa na'urarsa, ya kuma nemi a nuna masa abin da aka cire.

Idan ido ya mutu sai canji. Na rediyoyin gida, musamman samfuran Sony, har yanzu ana samun kwaikwayonsu 'yan ƙasar Sin, ko a ciro daga wata matacciyar na'ura. Manyan akwatuna kuwa da yawansu injin Philips ne a cikinsu, kamfanin kuma ya daina ƙera shi, abin da ya sa farashinsa ya hau a duniya.

Akwai haɗari iri biyu da ya kamata a sani. Manyan kafasitoci na riƙe wuta ko bayan an zare na'ura daga soket. Hasken lezar kuma kusan ba a ganinsa, amma yana iya illata idon wanda ya leƙa shi kai tsaye.

Hanyoyin sabuntawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar na'urar yadda take, a ƙara mata ɗan fanel mai karɓar Bluetooth da filash da memori, a haɗa shi da amfilifaya. Irin wannan fanel yana da araha, kuma masu gyara a Kano sun saba dasa shi a tsofaffin rediyoyin gida da na mota.

Ribar ita ce amfilifaya da lasifikokin tsofaffin na'urori sau da yawa sun fi na ƙananan sababbi ƙarfi da daɗin sauti.

Hanya ta biyu ita ce a cire injin karatun a sa wata na'ura da ke kwaikwayonsa. Kwamfutar akwatin za ta ci gaba da ba da umarni kamar da, amma daga memori sautin zai fito. Maɓallan zaɓe da shafukan sunayen waƙoƙi duk za su ci gaba da aiki.

Hanya ta uku ita ce a kwashe kayan ciki gaba ɗaya, a sa ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, tare da allon taɓawa. Wannan na ba da damar adana dubban waƙoƙi, amma yana zubar da darajar akwatin a wurin masu tara kayan tarihi. Shi ya sa ake so a adana duk abin da aka cire, kada kuma a yanke wayar da ba dole ba.

Ana kuma maye gurbin dogayen ƙwayayen fitila da na LED, waɗanda ba su cin wuta sosai kuma ba su zafi. Wannan na da muhimmanci ga mai amfani da sola ko inbata.

Wurin karɓar kuɗi kuwa ba shi da amfani a Najeriya. An ƙera shi ne domin tsabar wasu ƙasashe, sannan ko tsabar kobo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007 ba ta samu karɓuwa a kasuwa ba. Yawancin akwatunan suna da saitin da ke ba da damar a saurara kyauta.

Ceto abin da ke kan faifai

An tallata faifan CD a matsayin abin da ba ya lalacewa, amma ba haka abin yake ba.

Faya-fayen da aka buga a masana'anta sun fi juriya. Waɗanda aka kwafa da kwamfuta kuwa, kuma da yawa daga cikin na wa'azi da na waƙoƙin Hausa irinsu ne, a kan wani rini aka rubuta su, wanda zafi da hasken rana ke kashewa a hankali.

Tsofaffin na'urori ma sukan sha wuyar karanta irin waɗannan, domin ba su mayar da haske sosai. Haka kuma ba su gane faifan MP3, wanda shi ne ya ba da damar a tara karatun Alƙur'ani gaba ɗaya a faifai ɗaya ko biyu, maimakon gommai.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rubutun ya fi kusa da saman faifai, wato gefen da ake buga suna. Ƙarcewar ƙasa ana iya goge ta, amma ta sama idan ta yi zurfi, abin da ke wurin ya tafi ke nan.

Ana goge faifai ne da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Ana ajiye shi a tsaye cikin gidansa, nesa da rana.

Mafi muhimmanci shi ne a kwafe abin da ke ciki zuwa kwamfuta tun yana karantuwa, a ajiye a wuri biyu daban-daban. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta nuna haɗarin tara komai a wuri guda.

Sai dai adanawa daban, sayarwa daban. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sanya wa sabuwarta hannu a 2023, ta hana kwafar aikin wani domin kasuwanci ba da izininsa ba. Satar fasaha na daga cikin abubuwan da masu shirya fina-finan Hausa suka daɗe suna kuka da su.

A gyara ko a bari?

Abu uku ne ke yanke hukunci: lafiyar amfilifaya da lasifikoki, da samuwar kayan gyara, da kuma abin da na'urar ke nufi ga mai ita.

Idan amfilifaya na da rai, ko da injin faifai ya mutu, sabuntawa ta fi sayen sabo arha. Idan kuwa ruwan batir ya cinye fanel, ko taransifoma ta ƙone, kuɗin gyara na iya zarce darajar na'urar.

Mai niyyar sayen na hannu kuma ya kamata ya gwada kafin ya biya. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta Amurka ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kwamfutoci da danginsu ke shiga Legas a kowane wata, kuma har kashi 75 cikin ɗari na wasu kayan ba su gyaruwa.

Na'urar da ta mutu murus ma ba a ƙona ta ko a jefa ta a kwata. Akwai dalma a jikin fanel, dogayen ƙwayayen fitila kuma suna ɗauke da sinadarin makyuri, dukansu masu illa ne ga lafiya, musamman ta yara.

Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce ke da alhakin sa ido kan irin wannan shara a Najeriya.

Kafin a kai ga haka, miƙa ta ga mai gyara ya fi, domin ido ko bel ko mota guda da aka ciro daga matacciyar na'ura na iya tayar da wata.